Kaboyi Mai Jita: Ƙarfi da Raunin Fim ɗin "Under Western Stars" na 1938

Shin waƙa a cikin fim ado ce da ke ƙara masa armashi, ko kuwa kaya ce da ake ɗora wa labari har ya kasa tafiya? Masu kallon finafinan Hausa sun daɗe suna tafka muhawara a kan wannan, kuma sau da yawa akan rufe zancen da cewa tsayar da labari domin jarumi ya rera waƙa ɗabi'a ce da aka kwaso daga Indiya, wadda masu shirya fim na Amurka ba su san ta ba. Wannan fahimta tana da giɓi babba. Daga 1935 zuwa 1954, kamfanonin fim na Amurka sun fitar da ɗaruruwan finafinan kaboyi waɗanda jaruminsu ke da bindiga a ƙugu da jita a kafaɗa, ya yi sukuwa ya kamo ɓarayin shanu, sannan ya zauna ya rera waƙa, kuma mutanen karkara sun yi ta cika gidajen sinima dominsu.

Masu sharhi a manyan jaridun birane sun raina irin waɗannan finafinai a zamaninsu, suna ganin kayan yara ne da 'yan ƙauye. Duk da haka, a 2009 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, wanda ke zaɓar finafinai 25 a kowace shekara domin a adana su a matsayin kayan tarihin ƙasa, ya shigar da ɗaya daga cikinsu kundinsa. Shi ne "Under Western Stars", wanda kamfanin Republic ya fitar a watan Afrilun 1938, fim baƙi da fari mai tsawon kimanin minti 65, kuma na farko da Roy Rogers ya fito a matsayin jarumi. Me aka gani a cikin fim mai araha irin wannan har aka adana shi, kuma a ina ne masu raina shi suke da gaskiya?

Wane ne kaboyi mai waƙa?

Kaboyi na haƙiƙa ɗan ƙwadago ne da ke kiwon shanun wani a kan doki. Zamaninsa mafi shahara gajere ne, daga bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865 zuwa tsakiyar shekarun 1880, lokacin da ake koro garkunan shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas irin su Abilene da Dodge City. Aiki ne mai wahala da ƙarancin lada, kuma yawancin dabarunsa, tun daga ƙirar sirdi har zuwa jifa da igiya, daga makiyayan Meziko aka koye su. Da dama daga cikin masu yin aikin baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Meziko. Sukan yi waƙa, musamman masu gadin dare da ke kewaya garke domin kada shanu su firgita su watse, amma ba wanda ke bin garke da ƙungiyar makaɗa ko riga mai aikin ado.

Kaboyin sinima mai waƙa daga rediyo da faifan garmaho ya fito. A shekarun 1920 da 1930 gidajen rediyo suka gano cewa kiɗan karkara yana da kasuwa, kuma tashar WLS ta birnin Chicago ta yi fice da shirinta na daren Asabar. A nan Gene Autry ya yi suna, mutumin Texas wanda ya fara rayuwa a matsayin mai buga wayar tangaraho a kamfanin jirgin ƙasa. Da fim mai sauti ya kankama daga 1927, sai aka fara gwada haɗa kaboyi da waƙa. Ken Maynard ya gwada, kuma a 1933 an sa John Wayne ya fito a matsayin kaboyi mai waƙa da muryar wani, abin da bai karɓe shi ba kuma ya yi watsi da shi. A 1935 ne abin ya zauna, lokacin da Autry ya fara fitowa a matsayin jarumi, ya zo da masu sauraron da rediyo ya riga ya tara masa. Daga nan kowane kamfani ya shiga neman nasa mawaƙin: Tex Ritter, da Dick Foran, har da Herb Jeffries wanda ya yi irin waɗannan finafinai domin gidajen sinimar baƙaƙen fata.

Akwai dalilin kuɗi a ƙarƙashin wannan duka. Karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta rage masu zuwa kallo, sai gidajen sinima suka ɓullo da nuna fim biyu a kan tikiti ɗaya. Fim na biyun dole ya kasance gajere kuma mai araha, ana ɗaukarsa cikin mako ɗaya ko biyu, ana bayar da hayarsa a kan kuɗi ƙayyadadde. Minti uku na waƙa a gefen wuta sun fi minti uku na tseren dawaki sauƙin ɗauka, ba doki da zai karye, ba mahayi da zai ji ciwo. Waƙar tana jawo mata da manya zuwa fim ɗin da a da na samari ne, sannan fim ya tallata faifai, faifai ya tallata fim.

Rikicin kwantiragi da ya haifi jarumi

Kamfanin Republic ya kafu ne a 1935, lokacin da Herbert J. Yates, mai masana'antar wanke fim da ƙananan kamfanoni ke bin ta da aiki kuma take bin su bashi, ya haɗe wasu daga cikinsu wuri guda. Autry shi ne babban jarin kamfanin. Sai dai ya fahimci cewa ana amfani da sunansa wajen tilasta wa masu gidajen sinima su karɓi sauran finafinan kamfanin a dunƙule, alhali ladansa bai kai ko kusa da abin da yake jawowa ba. A farkon 1938 ya ƙi zuwa aiki. An riga an rubuta masa labarin wani kaboyi da zai je Washington, kuma Yates ya ƙi jira.

Wanda aka ɗauko shi ne Leonard Slye, saurayi ɗan shekara 26 da aka haifa a Cincinnati ta jihar Ohio a 1911, wanda ya girma a gona, ya yi aiki a masana'antar takalma, sannan ya bi iyalinsa zuwa Kalifoniya inda ya yi tsinkar 'ya'yan itatuwa tare da sauran 'yan ci-rani. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mawaƙa ta Sons of the Pioneers tare da Bob Nolan da Tim Spencer. Kamfanin ya ɗauke shi a ƙarshen 1937 a kan dala 75 a mako, ya sauya masa suna zuwa Roy Rogers. Dokin da ya zaɓa daga wurin masu bayar da hayar dawaki, mai launin zinariya da farar geza, ana kiransa Golden Cloud, shi ne kuma ya zama Trigger wanda duniya ta sani.

Wannan tarihi ya bayyana wani abu da mai kallo zai lura da shi. An ɗinka rigar ne domin Autry, sannan aka sa wa wani. Darakta Joseph Kane shi ne wanda ya saba yi wa Autry aiki, marubutan, Dorrell McGowan da Stuart McGowan da Betty Burbridge, nasa ne, abokin barkwancin ma, Smiley Burnette, nasa ne. Autry ya sasanta da kamfanin ya dawo a cikin shekarar, amma a lokacin Republic ya riga ya samu jarumi na biyu.

Abin da labarin ya ƙunsa

Fari ya addabi wani yanki na makiyaya da manoma, kuma madatsar ruwan yankin tana hannun wani kamfani mai zaman kansa wanda John Fairbanks ke shugabanta. Kamfanin ya ƙi sakin ruwa sai da kuɗin da mutane ba su da shi, shanu kuwa suna mutuwa. Roy da mutanensa suka rinjayi masu gadi suka buɗe ruwan. Da aka kai shi gaban shari'a, sai aka ci shi tarar dala ɗaya kacal, aka kuma ƙarfafa masa guiwa ya gaji mahaifinsa ya tsaya takarar Majalisar Wakilai. Ya tsaya, ya kayar da ɗan majalisar da kamfanin ke mara wa baya, ya tafi Washington.

A can ya tarar da abin da duk sabon ɗan majalisa ke tararwa: ƙudirinsa ba zai motsa ba sai wani babba mai faɗa a ji, Marlowe, ya amince, shi kuwa ba shi da lokacin sauraronsa. Eleanor, 'yar Fairbanks, tana taimaka masa a ɓoye da shawara. Roy ya haɗa liyafa ya gayyaci manya, ya haska musu hotunan fari da guguwar ƙura, ya rera waƙar da ake kira "Dust", wato ƙura. Zukata suka yi laushi, sai abokan hamayya suka tona cewa hotunan ba na mazaɓarsa ba ne, daga wata jiha aka ɗauko su. Domin ya wanke kansa, ya jawo manyan zuwa yankin, aka shirya yadda za su ɗanɗani ƙishirwa da kansu, guguwar ƙura kuma ta gaske ta riske su. Gani ya kori ji, Marlowe ya yarda. Kafin a rufe, Roy ya hana fusatattun mutanensa tarwatsa madatsar da nakiya.

Ƙurar da ke bayan labarin

Ba za a auna fim ɗin daidai ba sai an san abin da masu kallonsa ke ciki a 1938. Tun daga farkon shekarun 1930 fari ya mamaye filayen tsakiyar Amurka, musamman inda jihohin Oklahoma, Texas, Kansas, Colorado da New Mexico suka kusanci juna. Iska ta riƙa ɗebe ƙasar noma tana tashi da ita sama, rana ta dushe da tsakar rana, ƙura ta binne shingaye da injuna, yara da tsofaffi suka riƙa kamuwa da ciwon huhu. A watan Mayun 1934 ƙurar ta kai har New York da Washington. Guguwar ranar 14 ga Afrilun 1935 ta yi munin da har yau ake kiran ranar Baƙar Lahadi, kuma kafin ƙarshen watan an kafa hukumar kiyaye ƙasar noma ta tarayya. Dubban iyalai suka bar gonakinsu, da yawa suka nufi Kalifoniya.

A daidai wannan lokaci gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt tana fafatawa da manyan kamfanonin wuta da ruwa. An kafa hukumar raya kwarin Tennessee a 1933, an kafa hukumar kai lantarki karkara a 1935, a shekarar kuma aka yi dokar da ta karya ƙarfin manyan kamfanonin da suka mallake harkar wuta. Tambayar ko ruwa da lantarki hajar kasuwa ne ko haƙƙin jama'a ita ce zancen da ke bakin kowa. Fim ɗin ya tsunduma cikin wannan muhawara kai tsaye, kuma ya zaɓi ɓangare.

Inda fim ɗin ya yi ƙarfi

Babban ƙarfinsa, a ganina, shi ne cewa waƙarsa mafi muhimmanci aiki take yi. A yawancin finafinan wannan salo, waƙa hutu ce: labari ya tsaya, jarumi ya rera, labari ya ci gaba daga inda aka bar shi. Waƙar ƙura ba haka take ba. Roy ya riga ya gwada hanyoyin da ɗan majalisa ke bi an rufe masa ƙofa, ba shi da kuɗi, ba shi da ubangida a Washington, abin da ya rage masa muryarsa ce. Waƙar ita ce jawabinsa, ita ce hujjarsa, kuma bayan ta ƙare matsayin mutanen da ke zaune a ɗakin ya sauya. Bahaushe ya san wannan aiki, domin mawaƙin fada kan saka kukan talakawa a cikin baitin da sarki ba zai iya toshe kunnensa gare shi ba. Muryar Rogers mai taushi ce, ba ya ƙaraji, kuma haɗa ta da hotunan gonakin da ƙura ta binne ya sa wurin ya yi nauyin da sauran fim ɗin bai kai ba. Waƙar, wadda ke ɗauke da sunan Johnny Marvin a matsayin marubuci, ta shiga jerin masu takarar lambar Oscar ta wannan shekara, abin da ba kasafai fim ɗin kaboyi mai araha ke samu ba, ko da yake ba ta ci ba.

Ƙarfi na biyu shi ne zamanin da aka ɗora labarin a kai. Mutane da yawa sukan yi dariya idan suka ga doki da mota, da rediyo, da wayar tarho a fim ɗin kaboyi ɗaya, suna ɗauka rashin sanin tarihi ne. Kuskuren nasu ne. Labarin a 1938 yake faruwa, kuma a karkarar Amurka ta wancan lokaci doki da mota suna tafiya tare. Masu shirya fim ɗin sun bar zamanin koro shanu da yaƙar 'yan asalin ƙasa, suka kawo jaruminsu cikin matsalar da mai kallo ya baro a gida: ruwa, bashi, kamfani, da ɗan majalisar da ya manta da waɗanda suka zaɓe shi. Manomin da ya biya kuɗin shiga da daren Asabar ya ga ana maganar rijiyarsa da ta ƙafe. Ya kamata a tuna cewa wannan ɗan ƙaramin fim ya riga shahararren fim ɗin darakta Frank Capra na 1939 a kan talakan da ya je majalisa, ya kuma riga fim ɗin darakta John Ford na 1940 a kan 'yan gudun fari. Ƙaramin kamfani ya taɓa batun kafin manya su taɓa shi.

Na uku, jarumin yana neman magani ta hanyar ƙuri'a da doka. A fim ɗin kaboyi na al'ada, harsashi ne ke raba gardama. A nan kuwa akwai yaƙin neman zaɓe, akwai ƙudiri, akwai neman goyon baya, kuma babban aikin bajintar da Roy ya yi a kan doki shi ne hana nasa mutanen aikata ɓarna. Wannan ba ƙaramin saƙo ba ne ga mutanen da wahala ta kai wuya.

Ta fuskar sana'a ma akwai abin yabo. Kane ya fito daga ɗakin yanka da haɗa hotunan fim, ya san yadda ake sa labari gudu, kuma da wuya a sami wurin da fim ɗin ya yi nauyin ƙafa. An ɗauki sassan waje a yankin Lone Pine na Kalifoniya, inda manyan duwatsu suke zube a gindin tsaunukan Sierra Nevada, wuri mai bai wa ƙaramin fim kwarjinin da kuɗinsa ba su saya ba. Rogers kuma mahayi ne mai kyau, zamansa a kan sirdi ya fi na Autry dacewa da ido.

Inda ya gaza

Rauni mafi girma yana nan a inda ƙarfin yake. Fim ɗin ya faɗi gaskiya a kan wahalar, amma bai faɗi gaskiya a kan sanadinta ba. Abin da ya tayar da ƙurar shekarun 1930 ba wani attajiri ne da ya kulle madatsa ba. Tsadar alkama a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya da shigowar tarakta sun sa an kaftar da miliyoyin kadada na ciyawar da saiwarta ke riƙe ƙasa tun fil azal, an kuma yi kiwon da ya fi ƙarfin makiyaya, abin da ya sa aka yi dokar tsara kiwo a filayen gwamnati a 1934. Da fari ya zo, babu abin da ke riƙe ƙasar. Ko da an buɗe kowace madatsa a yankin, ƙurar ba za ta kwanta ba, domin yawancin gonakin da suka tashi da ruwan sama ake noma su. Gwamnatin Amurka da kanta ta fitar da fim na gaskiya a 1936 wanda ya ɗora laifin a kan garma. Masu kallon Republic manoma ne da makiyaya, kamfanin kuwa ba zai karɓi kuɗinsu sannan ya ce musu suna da hannu a cikin masifarsu ba. Sai ya ba su mugu guda ɗaya mai kwat da laktaye. Wannan ya yi wa zuciya daɗi, amma wanda ya fita daga sinima da tunanin cewa maganin ƙura shi ne kayar da Fairbanks bai ƙaru da komai a kan yadda zai ceci gonarsa ba.

Wurin da aka ɗauki fim ɗin ma yana ƙalubalantar maganin da ya gabatar. Lone Pine tana cikin kwarin Owens, wanda birnin Los Angeles ya janye ruwansa ta wata doguwar magudana da aka kammala a 1913. Manoman kwarin sun yi ta fasa magudanar da nakiya, kuma a watan Nuwamban 1924 suka mamaye ƙofofin ruwa da ke kusa da Lone Pine suka sake shi na wasu kwanaki, kusan irin abin da Roy ya yi a farkon fim. Tafkin Owens ya ƙafe, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren da ƙura ke tashi a Amurka. Wanda ya kwashe ruwan nan hukumar gwamnatin birni ce, ba kamfani mai zaman kansa ba. Saboda haka zancen cewa da zarar ruwa ya koma hannun hukuma talaka ya tsira, ƙasar da dawakin fim ɗin ke takawa ta riga ta nuna cewa bai isa ba. Ana iya zaluntar na nesa da sunan amfanin jama'a idan masu ƙuri'a da yawa suna wani wuri.

Rauni na biyu na ɗabi'a ne, kuma na fi jin nauyinsa. Jarumin da aka gabatar a matsayin mai gaskiya ya nuna hotunan wani wuri a matsayin na mazaɓarsa. Fim ɗin ya yarda a tona shi, wannan abin a yaba ne, amma bai ɗauki abin a matsayin laifi ba. Ya ɗauke shi a matsayin tuntuɓe a kan hanya, wanda wata dabarar za ta gyara. Dabarar kuwa ita ce a jefa manyan cikin ƙishirwa har su sallama. Idan aka haɗa da tarar dala ɗaya da aka ci wanda ya rinjayi masu gadi da ƙarfi, darasin da ke fitowa shi ne cewa wanda ke da gaskiya a manufa an yafe masa hanya. Masu kare fim ɗin sukan ce hotunan ƙarya ne a suna kawai, tunda wahalar da suka nuna tana nan a mazaɓar, kuma guguwar da ta riski manyan ta tabbatar da hakan. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta gamsar da ni ba, domin marubutan ne suka aiko da guguwar a daidai lokacin da ake bukatarta. A rayuwa, ɗan majalisar da aka kama da hotunan bogi ya kashe ƙudirinsa, ya kuma ba abokan gaba makamin da za su ƙaryata duk wanda zai zo da kuka irin nasa a bayansa.

Haka kuma fim ɗin ya ɗauka cewa matsalar masu mulki rashin sani ce kawai, da zarar sun gani za su gyara. Bai tambayi wanda ke cin moriyar tsarin ba, bai kuma nuna yadda kuɗi ke riƙe ƙudiri a kwamiti ko da kowa ya san gaskiya ba.

Sai waɗanda babu su. Yammacin Amurka na wannan fim na fararen fata ne zalla. 'Yan asalin ƙasa, waɗanda aka fara ƙwace wa ƙasa da ruwa, irin ƙabilar Paiute da ke ban ruwa a kwarin Owens tun kafin zuwan Turawa, ba su da murya a labarin da ke magana a kan haƙƙin ruwa. Baƙaƙen fata da 'yan Meziko da suka yi aikin kiwon a zahiri su ma haka.

Sauran kurakuran na gaggawa ne da ƙarancin kuɗi. Rogers sabon shiga ne, fuskarsa ba ta cika sauyawa tsakanin fushi da murna ba. Eleanor mace ce mai wayo da himma, amma ba a ba ta ko minti biyu da za ta nuna abin da ke cikin ranta game da juya wa mahaifinta baya ba. Barkwancin Burnette yakan faɗo a inda bai dace ba, wasu waƙoƙin kuma cike gurbi ne zalla.

Abin da ya shafi mai kallo da mai shirya fim a yau

Finafinan kaboyin da masu kallo a garuruwa irin su Kano da Kaduna suka fi tunawa daga gidajen sinima, waɗanda aka yi bayan wannan salo ne, masu ƙarancin magana da yawan harbi, da dama daga cikinsu ma a Turai aka shirya su a shekarun 1960, shi ya sa kaboyi mai jita ke zama baƙon abu a wurinmu. Amma tsarin kasuwar da ya haife shi sananne ne. A zamanin kaset da faifan CD, waƙar fim ɗin Hausa takan riga fim ɗin shiga kasuwa, ita ke tallata shi, kuma furodusa mai ƙaramin jari yana ganin ita ce za ta dawo masa da kuɗinsa. Lissafin da Yates ya yi ke nan a 1935. Saboda haka bukatar kasuwa tana da hannu a cikin lamarin kamar yadda kwaikwayo yake da shi.

Fim ɗin ya kuma ba da ma'auni mai sauƙi ga masu wannan muhawara. A cire waƙar a duba: idan labarin ya tsinke, to tana da gurbi, idan bai ko girgiza ba, to kaya ce aka ɗora masa. A "Under Western Stars" waƙa ɗaya ce ta tsallake wannan gwaji sarai, ita ce kuma ake ambata duk lokacin da aka tayar da zancen fim ɗin.

Makomar salon da kwafin da ke yawo

Autry ya shiga rundunar sojan sama a 1942, Republic ya zuba kuɗi a kan Rogers ya naɗa shi sarkin kaboyi, finafinansa suka ƙara ƙawa, daga baya suka koma masu launi, amma kaɗan ne daga cikinsu suka sake tunkarar siyasar zamaninsu kai tsaye kamar na farkon. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1948 ya haramta sayar da finafinai a dunƙule, talabijin kuma ta ɗauke yaran da ke cika sinima ranar Asabar. Rogers ya yi fim ɗinsa na ƙarshe a jerin Republic a 1951, Autry ya rufe nasa a 1953, dukansu suka koma talabijin, kuma fim ɗin wani kaboyi mai waƙa, Rex Allen, na 1954 ne ake ɗauka a matsayin ƙarshen salon.

Wannan sauyi ya bar matsala ga mai son kallon finafinan a yau. Da aka sayar wa gidajen talabijin tsofaffin finafinan Rogers a shekarun 1950, an datse su zuwa kimanin minti 54 domin su shiga shirin awa ɗaya tare da talla, kuma sau da yawa waƙoƙi ne almakashin ya fara ci. Da yawa daga cikin kwafin da ke yawo a intanet daga waɗannan datsattsu aka kwafo su. Wanda zai yanke wa wannan fim hukunci ya fara duba tsawon kwafin da ke hannunsa, ya nemi wanda ya kai kimanin minti 65.